Ranar da na lashe hannun gari guda

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa kowa ya ɗaure baki da takunkumi, aka yi wani zaɓe a wajenmu, ni kuma aka ɗauke ni aikin wucin gadi. Malamin firamare ne ni a Bodinga. Aka tura ni Horo Birni, can ƙasar Shagari, in shugabanci rumfa ɗaya.

Na yi murna, amma da tsoro a cikinta. Mahaifiyata tana da ciwon asma, gida ɗaya muke, kuma a wajen horaswa an nanata mana cewa irinsu ne cutar ba ta yi wa da sauƙi. Mu kuwa ma'aikatan zaɓe kowa sai ya bi ta gabanmu, mu karɓi katinsa, mu shafa masa tawada, mu miƙa masa takarda. Da na gaya mata, cewa ta yi in tafi, amma kada in kawo mata tsarabar da ba ta aike ni ba. Na bugi ƙirji na ce ko ƙuda ba zai sauka a kaina ba.

Ranar zaɓe na zama abin kallo. Takunkumi biyu na saka, ga kwalbar sanitaiza a aljihu, minti kaɗan in fito da ita in murza. Mai unguwar wurin, wani dattijo mai fara'a, ya zo ya miƙo min hannu. Na dafe ƙirji na rusuna, na ce ya gafarce ni, doka ce. Ya dubi tafinsa, ya tambaye ni ko ƙaya na gani a jiki, sannan ya yi dariya ya wuce. Da rana ya aiko mana da fura a ƙwarya, ludayi ɗaya. Yunwa na cina, amma na ƙi. Abokin aikina ya shanye ta yana min addu'ar Allah ya ƙara min tsoro.

Bayan la'asar muka zube ƙuri'u a kan tebur, wakilan jam'iyyu da mutanen gari suka kewaye mu. Na fara ɗagawa ina faɗa, na baya suka ce ba sa ji, sai na sauke takunkumi zuwa haɓa. Takardun kuma sun manne da juna. To, shekara da shekaru ina duba littattafan yara, hannuna ya san abin da yake yi idan shafi ya ƙi buɗuwa. In lashi yatsa, in ɗaga takarda, in faɗa, in sake lasa. Na yi nisa sosai kafin na ji muryar mai unguwa.

"Malam," in ji shi, "hannuna guda kaƙ ƙi, ga shi ka lashe na gari duka."

Wurin ya kece da dariya. Abokina ya ce in fito da harshe, ashe har ya rine da tawada. Ni ma na yi yaƙe, amma mahaifiyata ce ta faɗo min a rai. Wata mata ta kawo jiƙaƙƙen tsumma a murfin kwano, da shi na riƙa jiƙa yatsa har na ƙarasa aikin.

Da na koma Bodinga ban shiga cikin gida ba. Na tare a shagon ƙofar gida, na ce sai na yi sati biyu. Ta taga na gaya wa mahaifiyata abin da ya faru, ina jiran faɗa. Sai kawai ta fara dariya, har na ji tsoron kada asmar ta tashi. Ta ce tun ina ƙarami take buge min hannun nan ban daina ba, yau ga shi gari guda ya taya ta.

Kwanakin nan ba su yi min sauƙi ba. Duk tarin da ta yi ina jinsa ta bango, sai in kasa cin abinci. Amma kullum da hantsi takan ajiye min kwano a bakin ƙofa, ta ja kujerarta can nesa ta zauna, mu yi ta hira. Labaran ƙuruciyarta da na marigayi mahaifina da ban taɓa ji ba, a lokacin na ji su. Rabon da mu zauna haka har na manta.

Sati biyu suka cika, ni lafiya, ita lafiya. Na yi wanka na shiga na durƙusa gabanta. Ta kamo hannuna na dama ta zaro yatsan.

"Wanga na mai laihin?" in ji ta.

Ta ɗan buge shi, sannan ta riƙe hannun da nata biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, ina dariya.

In na tuna yanzu, abin da ke ba ni kunya shi ne na wuni ina gudun mutanen kirki, na ƙi hannunsu na ƙi furarsu, alhali abin da ya kamata in tsare a jikina yake. Mahaifiyata tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Har yau in ta ga na ɗauko littattafan yara zan duba, sai ta turo min kofin ruwa gabana.