Jan Kofin Yaya

Yayata ba ta da faɗa, ni ce mai bakin gidanmu. Shekara goma sha bakwai ta yi a ɗakin ajiyar jini na wani ƙaramin asibiti, ita ke riƙe da sunayen masu ba da jini da lambobin wayarsu. Da a littafi suke, daga baya aka kwashe su kaf aka zuba a rumbun bayanai na kwamfuta.

Manhajar da ke buɗe rumbun kuwa, lasisin mutum ɗaya aka saya mata. Kwamfuta huɗu, amma in ɗaya ya shiga, sauran sai su jira ya fita. Ba irin roƙon da Yaya ba ta yi wa manaja ba kan ya sayo na mutum da yawa. Sai ya ce, "Haba Hajiya, sauri kuke zuwa ina?" Da ta gaji ta kawo jan kofi daga gida. Wanda kofin ke teburinsa shi ke ciki, in ya fita ya mayar mata.

Wata Laraba da hantsi ungozoma ta faɗo ɗakin tana haki. "Yaya, mai haihuwa na zubar da jini, kuma babu irin nata a firij! Nemo mana mai bayarwa!"

Kofi na gaban Yaya. Ta danna, kwamfuta ta ce akwai wani a ciki. Ta sake, haka dai. Innalillahi! Ashe manaja ya maido kofin bai fita daga manhajar ba, ya kulle ofis ya tafi taro. Wayarsa a kashe.

"Likita ya ce ba za ta kai awa ba," in ji ungozoma.

Yaya, wadda ko tsawa ba ta iya yi wa yaro, ta ciro tukunyar kashe gobara daga bango. Bugu uku ƙofar manaja ta ɓalle. Ta fitar da shi daga manhajar a kwamfutarsa, ta dawo tata ta shiga, ta samo lambar wani tela mai irin jinin a bayan asibiti. Da tef ɗin awo a wuya ya zo ya ba da jini. Matar ta rayu.

Sati na zagayowa aka sallami Yaya, wai ta ɓarnata kayan asibiti. Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Watan jiya na leƙa asibitin. Na dawo ina ta masifa: an sa wa manaja ƙofar ƙarfe, lasisi na nan na mutum ɗaya, kofin ma na nan.

Yaya ta ɗago a firgice. "Ƙofar ƙarfe? To yanzu da me za su fasa?"