Asabar Ɗin Da Na Ɗauko Baƙi Daga Teburin Mai Shayi

Har gobe ina tuna Asabar ɗin da ruwa ya tare mini baƙo a hanya, saura minti ashirin in fara shiri. Tunda kun matsa sai kun ji, ku sababbin ma'aikata, to ga shi, amma kada wanda ya kwaikwaye ni.

Lokacin ina wata na shida a wannan gidan rediyo namu na Haɗejia, ina ƙaramin mai gabatarwa. Ga wanda bai sani ba, duk wanda aka ɗauka sai ya yi wata shida na gwaji, sannan Shugaban Sashen Shirye-shirye ya rubuta a tabbatar masa da aiki ko a sallame shi. Shugabanmu a lokacin Malam Ado ne, mutumin da tun zuwana ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Dokarsa da kowa ya haddace ita ce: ba mai zama gaban makirufo sai an cike masa fom, an rubuta sunansa da abin da zai yi magana a kai, shi Malam Ado kuma ya sa hannu tun ranar Alhamis. Takardar gwajina tana kan teburinsa, Litinin zai yanke hukunci.

Shirina na fina-finai ne, goma zuwa sha ɗaya na safe, kai tsaye. Gaskiya shirin ba ya ja. Wani makon mutum biyu ne za su bugo waya, ɗaya kuma ƙanwata ce. Shi ya sa na yi ta roƙo har wani darakta daga Kano ya yarda zai zo, na yi mako guda ina shelar zuwansa. Ranar da safe sai ga wayarsa: ruwa ya haye titi bayan Jahun, motoci sun yi layi. Kafin in ce mu yi hirar ta waya, layin ya yanke, bai sake shiga ba.

Na kira Malam Ado sau uku, bai ɗauka ba. Talatu, injiniyarmu ta sauti, ta ce in cika awar da waƙoƙi. Ni kuwa na san in na yi haka bayan duk cika bakin da na yi, da hannuna na rubuta takardar sallamata. Na fita bakin ƙofa in sha iska.

A teburin mai shayi na tarar da gardama ta yi zafi, har mai shayin ya bar ƙwai yana ƙonewa. Mutum biyu ne a tsaye: Bukar Tela, dattijo mai shago a bakin kasuwa, da Sagir mai gyaran waya. A kan wani fim na Turawa suke, na jiragen da ke yawo tsakanin taurari. Sunansa na Turanci ya gagari bakin kowa, a gari ana ce masa Fataken Sama. An yi shi kashi-kashi tun Bukar na saurayi, aka daina, sai ga shi a shekarar kamfanin ya sake ɗauko labarin daga tushe da sababbin 'yan wasa. Sagir ya rantse sabon ya kwashi kuɗi. Bukar ya rantse an tafka asara.

Na duba agogo, saura minti bakwai. Na kama hannun Bukar da dama, na Sagir da hagu, na ce su ƙarasa a ciki. Bukar ya shiga situdiyo da kofin shayinsa, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Talatu ta dube ni ta gilashi, ta ce, "Nura, ina fom ɗinsu?" Na ce yana tafe. Ta girgiza kai, ta kunna jar fitila.

Na ba masu sauraro haƙuri, na gabatar da baƙina, na ba Sagir dama. Ya ɗaga wayarsa kamar mutane na ganinsa, ya ce, "Ga shi a rubuce. Abin da aka samu a gidajen sinima na duniya ya ninka abin da aka kashe. In ka sa naira ɗaya ka ɗauki biyu, Baba, me ake kiran wannan?"

Bukar ya kurɓi shayi, duk gari ya ji kurɓar. Ya ce, "Yaro, ranar da aka haska shi a gidan kallon unguwarmu, benci biyu bai cika ba."

Sagir ya ce, "Ruwa aka yi ranar. Kuma tun yaushe gidan kallon unguwarku ya zama duniya?"

Bukar bai ko girgiza ba. Ya ce shi da keken ɗinki yake auna fim. Lokacin da na asali ya fito, madugun jirgin yana sa wata riga mai tsayayyen wuya da aljihu a hannu. Sallar shekarar ba saurayin da bai kawo yadi a ɗinka masa irinta ba, har daga Kaugama ake zuwa, da kuɗin ya sayi keke na biyu. "Wannan sabon kuwa, wata uku ke nan, ko hula ba wanda ya ce in yi masa irin tasu. Fim ɗin da bai motsa tela ba, ina ya ga riba?"

Dariya ta ƙwace mini a gaban makirufo. Da na ɗaga kai sai na ga Talatu tana nuna mini allon waya: layuka huɗun duka suna walƙiya. Ban taɓa ganin haka ba, har na ɗauka na'urar ce ta lalace. Masu kira suka rabu gida biyu, dattawa na bayan Bukar, samari na bayan Sagir. Wani ya ce a sabon jirgin ko wurin alwala babu, kamar a tsohon akwai. Ni dai ina kan kujera ina ta rawar kafaɗa, na manta da wata Litinin.

Sai wata uwa ta shigo layi da gaisuwar Barebari. "Wushe, wushe, Malam Nura. Ya Falmata ce, mai bandar kifi." Ta ce ita ba ta ga fim ɗin ba, amma lissafin yaron nan ya hana ta karyawa. "Ɗana Sagir, in na aika kwandon kifi Kano aka sayar, kuɗin duk nawa ne? Ina mai mota, ina 'yan dako, ina la'adar dillali? Su masu sinimar, don Allah suke haska musu?" Sagir ya soma lalube a waya, can ya amsa a hankali cewa kusan rabi suke ɗauka, ban da kuɗin talla. Ta ce, "To uwar kuɗi suka mayar, in ma sun mayar." Bukar ya miƙe zai yi tafi, ta ce, "Kai ma Tela zauna. Samarin yanzu gwanjo suke saye, ba laifin Turawa ba ne."

Saura minti biyar a rufe, na ga fuskar Talatu ta sauya. Ta rubuta a takarda ta manna a gilashi: OGA NE. Mai kira a shirin kai tsaye ba a barinsa a layi, dole na ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Ado ne, daga fadama." Ina jin ƙarar ruwa da hayaniyar mutane a bayansa. Ashe yana gonarsa ta shinkafa tun asuba, suna jera buhunan yashi don tare ruwa, rediyo na rataye a reshe. Ya ce, "Tambaya gare ni. A cikin baƙin naka da masu bugowa, wa ya biya kamfanin ko sisi kafin ya kalla?" Sagir ya ce shi tura masa aka yi a waya. Bukar ya ce shi wajen Sagir ya samu. Malam Ado ya ce, "To asarar daga Haɗejia ta fara." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma Tela ya fi gaskiya, na asali ya fi. Ni ma ina da rigar." Ya kashe waya.

Ranar Litinin ya kira ni ofis. Ya miƙo mini takardar gargaɗi a kan shigar da baƙi ba izini, na sa hannu. Sannan ya miƙo fom uku ba a cike ba, ya ce, "Na Tela, na mai waya, da na mai kifin nan. Ka kawo kafin Alhamis." Sai da na kai ƙofa ya ce in dawo, na bar takarda ɗaya. Ta tabbatar da aiki ce. A farfajiya na yi tsallen da takalmina ya faɗa kwata, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Abin da na koya ke nan. Doka tana nan, kuma gargaɗin yana cikin fayil ɗina har yau, don haka ku cike fom. Amma na yi wata shida ina ganin sai an zo daga Kano za a faɗi abin saurare, alhali kullum ina wuce masu maganar a bakin ƙofa ko sallama ba na yi musu. Mutanen nan ba jiran malami suke ba, jira suke a miƙa musu makirufo. Ya Falmata ta yi shekara huɗu tana shigowa shirin, kuma har ta bar duniya ba ta kalli fim ko ɗaya ba.