Ranar da Muka Canza wa Akori-kurar Baba Man Giya

Tun da Baba ya daki dakalin maƙwabcinmu da akori-kurarsa zaman lafiya ya ƙare a gidanmu na Ƙofar Sauri. Ba wani duka ba ne na a-zo-a-gani, gefen siminti ne ya ɓantale. Maƙwabcin ma, wani dattijo mutumin Kudancin Kaduna da ya yi ritaya daga aikin jinya, dariya ya yi ya ce dama yana neman dalilin sake shafe. Inna kam ba ta yi dariya ba, don a kan dakalin nan jikokin mutumin suke zama da yamma.

Ta kira ni a waya ta ce, “Ka zo ka amshe makullin motar ga hannun ubanka. Ba ya gani, kuma ba ya yarda.”

Da na je, Baba ya ce ƙarya ake yi masa. “Idona lahiya lau. Giyar motar ce. In na sa ta sai ta yi jim, sannan ta hizga. Manta ya ƙone, shi ke nan.”

Motar irin mai canza giya da kanta ce, kuma ta tsufa tare da shi. Da ita yake zuwa gona, da ita yake zuwa ta'aziyya, da ita yake zuwa masallacin da ƙafa ma ta ishe shi. Aka yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan cewa za a canza man giyar. In ta daina fizga, makulli ya zauna a aljihunsa, Inna ta yi shiru. Na ce to a kai wa makaniki. Ya ce duk Katsina babu wanda zai bari ya taɓa masa giya, a ƙofar gida za a yi, shi zai faɗa ni in yi. Ni da aikina zaman ofis, sufana ma sai na juya ta sau biyu kafin in gane bakinta.

Ranar Asabar da hantsi na iso da sababbin jarkokin jan mai na ajiye su gindin tayar gaba. Aka ɗumama injin, aka sa duwatsu a tayoyi, na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi da tsohuwar riga da tsohon bahon wankin Inna. Baba ya sa aka fito masa da kujera ya zauna daidai kaina. Daga inda nake, ƙafafunsa kawai nake gani da bakin rigarsa.

“Notin na nan bayan kwanon giyar, hannun dama. Kada ka kwance na inji.”

Yana nan kuwa daidai inda ya ce. Na ɗora sufana ke nan aka yi sallama.

Baba ya amsa, sannan ya ƙwanƙwasa jikin motar. “Kai, hito ka gaida mutane.”

Na ja baya da gwiwar hannu na fito, na durƙusa. Wani tsohon abokin aikinsa ne. Na ce, “Malam, ina kwana, yaya mutanen Ƙofar Kwaya?” Sai a nan Baba ya ɗauka, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar nan, yaya ruwa, yaya aka ji da jama'a. Ni ina tsugune sufana a hannu har suka ƙare, na koma.

Wanda bai taɓa gyaran mota a bakin hanya a garinmu ba bai san yawan mutanen da ubansa ya sani ba. Ina kwance notin rabi, sallama. Na fito. Na koma na ƙarasa, man ya ɓalle da zafinsa ya bi hannuna har hammata, sallama. Na ce daga ƙasa, “Baba, mai na zuba.” Ya ce mai ba ya gudu, mutum kuwa wucewa yake. Na fito hannu na ɗiga, na gaida mai unguwa da gwiwar hannu. Duk wanda ya zo kuma sai ya bar shawararsa. Wannan ya ce tsohuwar mota ba a canza mata man giya, daga ranar ta kwanta. Wancan ya ce a fara wanke cikin da kananzir. Wani ya leƙa baho ya ce shi a ganinsa man nan da sauransa.

Babu sauran komai. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi ƙirin, yana warin ƙauri kamar tukunyar da aka manta a wuta. Har na fara ganin ko Baba na da gaskiya, kuma na ji daɗin hakan, don ba na son in zama ɗan da ya karɓe wa ubansa makulli. Amma raina a ɓace yake. Shekarata arba'in da ɗoriya, da 'ya'yana, ana ƙwanƙwasa mini mota ana fito da ni kamar ɗan makarantar allo. Abin da ya fi ba ni haushi, shi ba ya ko fara gaisuwar sai na fito na fara. Na ce a raina tsufa ne ya zo masa da son mulki.

Da man ya gama tsiyaya na mayar da notin na ɗaure tam. Baba ya ce a auna abin da ya fita, don a mayar da daidai shi, giya ba ta son ƙari ba ta son ragi. Ya aika ni ɗakin shirginsa na ɗauko tsofaffin jarkokin man giya, don shi ba ya yar da jarka. Na ɗura baƙin man a ciki, na rufe, na jera su gindin tayar kusa da sababbin. Saura kawai in zuba sabo mu huta.

Sai ga Alhaji, aminin Baba daga Ƙofar Guga, mutumin da gaisuwarsa kaɗai ta isa a dafa shayi a sha. Da ya tashi tafiya Baba ya ce, “Taka mishi.” Na nuna hannuwana da rigata. Ya ce rakiya da ƙafa ake yi. Na raka Alhaji bakin kwana, ya riƙe ni da labarin ciwon bayansa. Na yi masa sallama, ya ce bari shi ma ya ɗan taka mini, ya biyo ni har rabin hanya, dole na sake juyawa na mayar da shi. Ina tafe ina cizon leɓe, rana tana dukan baƙin man da ke wuyana.

Na dawo na tarar da Baba a tsaye gaban motar yana goge hannu da tsumma, fuskar nan fal murna.

“Na gama maka aikin,” in ji shi. “Kana can kana yawo. Ka ga ko ɗigo bai zuba ƙasa ba? Je ka hwaɗa wa uwarka makaho ya zuba man giya.”

Gaskiya ne, ko ɗigo babu. Bakin da ake zuba man ɗan siriri ne, can a lungun injin, ni sai da aka nuna mini shi. Ya zare ƙarfen awo, ya kafa mazurari, ya zuba, ya mayar da komai wurinsa. Na buɗe baki zan ce madalla, sai idona ya faɗa gindin taya. Sababbin jarkokin suna nan a cike yadda na kawo su. Tsofaffin ne a kwance, babu komai a ciki, bakinsu duk baƙin mai.

Haushin da na tara tun hantsi ya taso mini gaba ɗaya. “Haba Baba! Wane irin aiki ne wannan? Da ka jira ni mana!”

“Mi ya hwaru?”

“Man da ka zuba, wane iri ne?”

“Wane iri kuma? Ja zur, na gan shi da idona.”

Inna na tsaye a bakin zaure, ta ji. Ta juya ciki. Ni kuma duk faɗan da ke bakina ya tsaya. Da rana tsaka, jarka a hannunsa, mai yana gangara a gaban hancinsa, baƙi ƙirin, ya gan shi ja. Na ɗauko sabuwar jarka ɗaya, na kama hannunsa na ɗora a kan murfin. Ya shafa da babban yatsa. Zoben robar da ke karyewa idan an buɗe yana nan a manne. Ya sake shafawa, ya laluba ya kai hannu ga ɗayar, ita ma haka. Ya daɗe yana riƙe da ita. Wallahi da na san haka fuskarsa za ta koma, da na yi shiru na bari sai ya shiga sallar azahar in sake aikin a ɓoye. Amma sai na tuna da yaran da ke zama a dakalin can.

Ya koma kujerarsa. “To, koma ka kwance notin,” in ji shi. “Ka tsiyaye shi da kyau.”

Na ja baho na sake shigewa. Man ya fara zuba karo na biyu, wannan karon da sanyinsa. Can na ga hannun Baba ya sauko ƙasa, ya ajiye wani abu a gefen kwalin, ya tura shi ciki da yatsa. Makullin ne, da ɗan tsohon zarensa na fata.

“In ka gama, kai za ka jarraba ta,” ya ce. “Ni in zamna gehe in ji ko tana hizga.”

Na yi kamar notin ya ɗauke mini hankali. Muna haka wani ya tsaya da babur ya yi sallama, injinsa na ƙara. Na ajiye sufana na fara ja da baya, ina jiran ƙwanƙwasa. Baba bai ƙwanƙwasa ba. Ya amsa sallamar da ƙarfi, sannan na ga inuwarsa ta sunkuyo wajen da nake, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

“Kai, wane ne?”

Na leƙa ta tsakanin tayoyi na gaya masa.