Ƙwan yaye da kajin Inna

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da ni 'yan'uwa, ba don abin ya tsaya mini a rai ba da ban dame ku ba.

Ɗazu ina ɓare wa jikata Hibba dafaffen ƙwai, wadda aka kawo mini yaye daga Paki, sai Inna, mahaifiyar maigidana, ta riƙe mini hannu.

"Hajara, ɓarauniya za ki mayar mana da yarinya?"

Na ce, "Inna, wani darasi nake bi kyauta a waya kan abinci mai gina jiki. An ce koko zalla ba ya riƙe yaron da aka cire daga nono. Dubi hannunta, awarwaro har zamewa yake."

Ni dai a ɗan karatuna na allo ban ci karo da hanin ba, sai na tambaye ta cikin ladabi ko ta taɓa ganin wanda ƙwai ya sa sata.

"Mijinki mana. Sau ɗaya na ɗanɗana masa, ya koma kwana a bakin akurki. Daminar nan ko ɗan tsako ban gani ba."

Da ƙyar ta yarda na ba Hibba rabi, da sharaɗin in ƙulle mata akurki.

Ashe satar da ake tsoro ta ƙwan kaji ce? Ku ma haka aka gaya muku, ko akwai wani dalili? Don Allah ku amsa mini kafin karyawar gobe, in karanta wa Inna, ko rabin nan ya zama guda.