Auta da Tsuntsu Mai Karyayyen Fiffike

Ƙanena Auta shekararsa arba'in da ɗaya yana figar kaji a bayan kasuwa, cikin wata rumfar kwano mai durom biyu na ruwan zafi da teburin siminti da magudanar da ban taɓa ganin ta bushe ba. Ni na goya shi, saboda haka ina da izinin faɗin gaskiya: Allah ya ba shi hannu, ya rage masa ta wani wajen. Kaza takan shiga hannunsa da rigarta, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa ta fito tsirara. Komai na duniya da nauyi yake auna shi. Ranar da aka miƙa masa jikarsa ta fari, ɗaga ta ya yi sama sau biyu ya ce, "Kilo uku da rabi, amma duk ƙashi ce."

Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Tun daga nan a tsaye yake cin abinci, rigar jiya ita ce ta yau. Sai wata rana wuƙa ta zame ta tsaga masa babban yatsa, aka kai shi wajen wata nas da ta yi ritaya a layinmu, wadda kowa ke ce wa Sista. Ita ma mijinta ya rasu. Yatsan ya warke cikin kwana goma. Auta ya ci gaba da kai shi dubawa har wata biyu.

Da ya rasa inda zai sa kansa, sai ya zo ya durƙusa min. "Yaya, ki yi min magana."

Na je na yi. Sista ta saurare ni tas, sannan ta ce ita duk Asabar tana zuwa gandun tsuntsaye na fadama, bayan gari. Auta ya raka ta sau ɗaya. In ta ga zamansa a can ya yi mata, sai a yi maganar aure.

Mai figar kaji, a gandun tsuntsaye. Na dawo gida ina dariya ni kaɗai har maƙwabta suka leƙo.

Kwana uku ina ba shi karatu. "In ka ga tsuntsu ka ce, 'Kai, kyakkyawa.' Shi ke nan. Kada ka ce kilo. Kada ka ce tsoka. Wuƙa kuma ka bar ta a gida."

"Na ji, Yaya."

"Maimaita."

"Kai, kyakkyawa."

"Ba da muryar ciniki ba, shashasha."

Ranar Asabar ya fito cikin farar riga da sabon takalmi mai ƙara, na bi su a matsayin 'yar rakiya. Gandun ba laifi. An shimfiɗa gadar katako a kan ruwa da ciyawa, ga benci duk bayan 'yan taku, tafiyar da ko ni ban yi haki ba. Mutanen wurin ne abin kallo: manya da furfurarsu, kowa da faffaɗar hula da madubin hangen nesa a wuya, suna raɗa kamar masu zaman makoki. Wani ya ga jelar wani abu ta shige cikin ciyawa, ya rubuta a littafi, sauran suka taya shi murna.

Sista ta miƙa wa Auta madubinta. "Dubi zalɓen can, dubi wuyansa."

Ya duba ya daɗe. "Kai, kyakkyawa." Sai ya matso kunnena. "Yaya, wannan sai an karya shi uku kafin ya shiga durom."

Na taka masa sabon takalmin.

A benci na biyu garken dinya ya sauka a ruwa, manya-manya, ƙirji kamar an cusa musu filo. Auta ya ce "kyakkyawa" sau huɗu a jere, na ji ƙarar haɗiyar yawunsa. Sista kuwa har murmushi ta yi masa. Na ce a raina, yaron nan zai ci jarrabawa.

Inda gadar ta ƙare akwai ɗan tudu a bakin ruwa. Muna isa sai ga wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, baƙi da fari, ya faɗo gabanmu yana jan fiffike ɗaya a ƙasa, yana kuka yana tangaɗi. Kafin Sista ta buɗe baki, Auta ya ƙetare igiyar da aka ja, ya wuce allon da ke cewa kada a sauka. Ya kai hannu, tsuntsun ya ja gaba kaɗan. Ya ƙara, ya ƙara ja. Mutumin da kaza ba ta taɓa kufce masa ba! Zuciya ta ɗebe shi, ya yi tsalle, ya nutse cikin laka har ƙugu. Tsuntsun ya karkaɗe fiffikensa lafiya lau, ya tashi sama yana zagaya kan Auta yana ihu.

Da gora mai gadin gandun ya jawo shi. Takalmi ɗaya yana can har gobe.

Sista ta bayyana mana cewa tsuntsun ƙwai gare shi a cikin ciyawa, dabara ce yake yi wa kare da muzuru don ya janye su daga sheƙar. Duk masu hulunan nan sun sani. Kare da muzuru da ƙanena ne kawai ba a gaya wa ba.

Duk da haka matar nan ta buɗe masa ƙofa. Ta miƙa masa hankici, ta ce da taushin murya, "Tausayinsa ka ji, ko? Magani ka so a yi masa?"

Na yi tari. Na ƙara yin tari. Na ƙifta ido har ya yi ruwa.

"A'a," in ji Auta. "Karyayyen fiffike ba ya ɗoruwa. Cewa na yi in yanka shi kafin ya mutu a banza."

A nan muka lura da hannunsa na dama. Wuƙar da aka bari a gida tana ciki, a buɗe, ita kaɗai ce laka ba ta taɓa ba.

Muka kama hanyar dawowa. Tsayuwar ta yi wa Sista yawa, ciwon gwiwarta ta hagu ya motsa, ta fara ɗingishi tana dafa katako. Auta ya yi sauri ya miƙa hannu zai tallafe ta. Ta tsaya, ta dubi hannun, ta dubi aljihunsa.

"Yaya," ta ce da ni, "ƙanenki mutumin kirki ne, ba ya ƙarya. Amma ni da wannan ƙafar ba zan kwana gida ɗaya da mutumin da ke zaro wuƙa in ya ga mai ɗingishi ba."

Ta shiga tasi ita kaɗai. Mu direbobi uku suka ƙi ɗaukarmu saboda laka, muka taka har titi, shi ƙafa ɗaya da takalmi.

Can da muka yi nisa ya ce, "Yaya, da na ce magani ne, da ta aure ni?"

"Da gudu."

Ya juyo ya dube ni, laka na bushewa tana zubowa daga wandonsa.

"To ke me ya hana ki yin tarin da ƙarfi?"