Hajiya Sai-Ta-Buɗe da Fegin Saudatu

Ƙarfe bakwai na safe ba ya samun Hajiya Rahmatu a gida. Kafin unguwar Zariya da ke Maraɗi ta gama karyawa, ta hau kabu-kabu ta kama hanyar Jiratawa, jaka a hammata. Shekara ashirin da biyu ke nan tana sakatariyar wata ƙungiyar manoman rani, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Wallahi ba za mu bari ta sulale shiru ba!

Hajiya tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba mutane haushi. In ta buga takarda, sai ta ajiye ta a tsarin da kowace kwamfuta ke iya buɗewa, wanda masana ke kira ODT. Sannan ta gwada ta wuri uku: kwamfutar biro, wato ofishin ƙungiya, wayar hannunta, da tsohuwar kwamfutar ƙanwarta Tahira, malamar makaranta a Tsibiri. In ɗaya ta ƙi, aiki ya koma baya. Shugaban ƙungiya, Maman Lawali, mutum ne mai gaggawa, ko shayi a tsaye yake sha. Shi ya laƙaba mata suna Hajiya Sai-Ta-Buɗe.

Ana nan sai baƙin wani furoje, wato shirin tallafi, suka kawo manhaja mai ƙyalli, aka zuba sunayen masu fegi duka a ciki. Kowa ya yaba. Hajiya ma ta yaba, amma duk abin da aka shigar sai ta kwafe shi a nata tsarin, ana yi mata dariya. Furoje ya ƙare, baƙi suka tafi. Ran nan manhaja ta rufe kanta ƙam, ta ce sai an kawo lambar sirrin da babu wanda ya san ta.

A shekarar ne wani kwamiti ya zo tantance masu fegi bayan gyaran magudanun ruwa. Wanda ba shi da shaida a rubuce ran Alhamis, za a ba wani feginsa. Saudatu, matar marigayi Jibo, ta shigo biro tana kuka. Da zogale da barkonon fegin nan take ciyar da 'ya'ya biyar. Kafin rasuwarsa Jibo ya mayar da shi da sunanta, amma gara ta cinye takardar gida, ta biro kuma tana cikin manhajar da ta kulle.

"Shugaba, tare munka zo da marigayi," in ji Saudatu. "Gaban idona anka rubuta!"

"Na sani, Saudatu," in ji Maman Lawali, yana danna kwamfuta, zufa na keto masa. "Amma kwamiti ba shi amsar 'na sani'."

Kukan matar ya taɓa Hajiya Rahmatu har zuci. Ta buɗe jaka, ta ciro ɗan gwangwanin man shafawa, ta fito da kile, ɗan abin nan da ake adana takardun kwamfuta. Ta miƙa wa shugaban kwamiti.

"Malam, sa wanga cikin kwamfutarka."

"Hajiya, tawa sabuwa ce, ba irin taku ba ce."

"Sa dai."

Ya sa. Takarda ta buɗe! Fegi mai lamba arba'in da bakwai, sunan Saudatu, ranar da Jibo ya zo, har da shaidu biyu. Saudatu ta rangaɗa guɗar da ta sa masu ban ruwa suka yar da fartanya suka rugo. Maman Lawali kuwa ya nemi kujera ya zauna, abin da ba a saba gani ba.

Bara takardar gwamnati ta iso, ta umarci kowane biro ya riƙa ajiye takardu a buɗaɗɗen tsari, don ma'aikatu su iya karanta na juna. Aka turo mai horarwa. Ya duba aikin Hajiya na shekara ashirin, ya rufe littafinsa, ya roƙe ta ta raka shi Tsibiri ta koyar.

Hajiya, ke ce kika riga doka zuwa. Ke ce kika sha dariya shekara da shekaru ba ki fasa ba, uwar masu fegi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma masu zaman biro, daga Maraɗi har ƙauye, kafin ku ce kun gama, ku gwada takardar a kwamfutar maƙwabci. Abincin wani gida na cikinta. In kuna shakka, ku je fegi na arba'in da bakwai da hantsi. Za ku tarar da Saudatu tana tsinkar zogale, kuma ƙullin farko na Hajiya ne.