Yajin Jegon da Na Kai Faransa Na Dawo da Shi

Lokacin da wannan abu ya faru ina ɗalibar digiri na biyu a Doha, budurwar da ta girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashin kai. Tun ina sakandare a Kano nake hayarsu ina ɓoyewa cikin littafin lissafi, har na yarda cewa wata rana ni ma zan tsaya a kan wata gada a ƙasar Turawa, iska tana kaɗa mayafina, wani mai sanyin murya ya ce ya daɗe yana nemana. Na rubuto muku ne domin abin yana cina har yau, ko mahaifiyata ban iya gaya wa ba.

A unguwar Mansura nake zaune, a wani gida da muka raba ɗakuna, dukanmu mata. Babbarmu wata baiwar Allah ce 'yar Zangon Kumasi, mai aikin girki a wata makaranta, kowa Mama yake ce mata. Ita ta riƙe ni da na zo ban san kowa ba. Ita take ajiye mini tuwo idan na yi yamma a ɗakin karatu, kuma da zazzaɓi ya kayar da ni ita ta zauna a kaina tana goga mini tsumma mai sanyi. Ba ta kirana da suna, sai 'yata.

Mama tana da 'ya ɗaya tilo da ke aure a wajen birnin Lyon na Faransa, 'yar kuma ta yi haihuwar fari, namiji. A al'ada uwa ce ke tsaya wa 'yarta a irin wannan jego, ta dafa ruwan wanka, ta dama kunu. Mama ta nemi hutu ba ta samu ba, biza ma ba ta samu ba. Sai ga shi sashenmu ya zaɓe ni in je taron masana a wannan birnin. Da na gaya mata, zama ta yi a bakin gado ta ce Allah ne ya aiko ni.

Ranar hutunta ta Juma'a ta wuni tana daka a ɗan turminta: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono. Gidan duka muka yi ta atishawa, maƙwabta suna buga bango. Ta ƙulle yajin da garin kunun kanwa cikin sabon zani. Ta ce kayan ba su ne babban saƙon ba. Abin da take so shi ne in ɗauki jikan nata a madadinta, in shinshina kansa, in dawo in gaya mata nauyinsa, domin waya tana nuna fuska amma ba ta nuna nauyi ko ƙamshi. Har da zolaya ta raka ni, wai in kula kada wani Bafaranshe mai cin kwaɗi ya sace mata ni.

Lyon ta tafi da hankalina tun daga saukata. Koguna biyu, gidaje masu jan rufi, gadoji irin waɗanda na daɗe ina mafarki. Mun yi waya da 'yar Mama, ta ce unguwarsu da nisa kuma zan iya ɓata, don haka ita za ta shigo gari a ranata ta ƙarshe, wadda ita kaɗai ce babu taro. Muka tsayar da magana mu haɗu bayan azahar a babban dandalin da ke da mutum-mutumin mahayin doki. Ko arba'in ba ta yi ba, amma ta ce saƙon uwarta ya isa ya fito da ita.

A wurin taron na haɗu da wani malamin jami'a ɗan Nijar, dogo, mai nutsuwa, yana jin Faransanci kamar ruwa. Da ya ce zai zaga da ni tsohon gari a safiyar wannan rana, zuciyata ta gama rubuta littafin tun kafin ya rufe baki. Na saka ƙullin Mama a jakata da niyyar in rabu da shi kafin azahar. Ya bi da ni ta wasu lunguna da ke ratsa cikin tsofaffin gidaje, ka shiga ta wannan titi ka ɓulla ta wancan, inda ya ce masu saƙar siliki suke bi da kayansu a da saboda ruwan sama. Muka hau ɗan jirgin da ke hawa tudu, muka tsaya gefen babbar majami'ar da ke can sama, birnin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙarƙashinmu. A nan wayata ta fara motsi a jaka. Na duba, na ga 'yar Mama ce, na ce wa kaina bari ya gama wannan maganar. Ta sake kira, sai na kashe ƙarar. Ba mantuwa na yi ba. Ina sane, kawai ba na so mafarkin ya yanke.

Da la'asar ya kai ni wani shagon siliki, ya ce tunda ni mace ce mai ido, in taimaka in zaɓa wa matarsa ɗankwali. Har hotonta ya nuna mini domin in ga kalar fatarta. Na zaɓa masa, na yi sallama, na ruga dandali. Ba ta nan. Saƙon murya kawai na samu, ana jin kukan jariri a bayanta, ta ce sanyi ya yi wa yaron yawa ta koma, ba komai, Allah ya kai ni lafiya. Da na so, da na nemi gidan a yammacin nan, ko in bar kayan a masauki ta aiko a karɓa. Kunya ta hana ni ko amsa mata. Washegari na hau jirgi da yajin a akwatina.

Na iso Doha ina jiran faɗa, sai Mama ta tarye ni a ƙofa da murna. Ashe 'yar ba ta so ran uwarta ya ɓaci, ta ce mata saƙo ya iso, har ta barbaɗa yajin a farfesu. Mama ta rungume ni, ta kama gefen mayafina ta kai hanci, wai ko da sauran ƙamshin jikanta. Ta tambaye ni nauyinsa. Ni kuma na buɗe baki na zuba mata irin bayanin da na saba karantawa, na ce hannuna har ya gaji, na ce kansa yana ƙamshin madara. Ta yi ta dariya tana share hawaye.

Na tura akwatin ƙarƙashin gado. Amma yaji ba ya ɓoyuwa a ɗakin da ba a buɗe taga. Wata Juma'a ta shigo kawo mini kunu, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta ja numfashi. Hannun da ya daka ya san abinsa. Ba ta tambaye ni ba, ni na jawo akwatin na buɗe. Ta ɗauki ƙullin, ɗaurin da ta yi da hannunta yana nan yadda yake. Ta ce ashe 'ya'yanta biyu ne suka haɗu suka yi mata ƙarya, ɗaya don tausayi. Ta ce kayan ba su dame ta ba, abin da ya dame ta shi ne na tsaya ina kallonta tana shinshina mayafin da bai taɓa jikanta ba.

Na durƙusa na nemi gafara, ta ce ta yafe, kuma na san ta yafe. Ba ta daina ajiye mini tuwo ba har na gama karatu. Sai dai daga wannan ranar, da sunana take kirana.

'Yan'uwana masu tafiya, idan wanda ba shi da halin zuwa ya ba ku saƙo, ku sani ƙafarsa da hannunsa ya ara muku. Ku fara sauke shi kafin ku ɗaga kai ku kalli gini ko gada. Idan kuma kun gaza, ku faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa. Lyon tana nan inda na bar ta, ko gobe zan iya komawa. Jaririn nan kuwa yanzu yana gudu da ƙafarsa, babu wanda zai iya gaya wa Mama nauyinsa na wancan lokaci.